Rabuwar Mai Gida Da Ɗan Haya

Kwanan baya wani malamin makaranta ya zo mana da wata takarda a ninke cikin aljihunsa, ya ce mu duba masa ita. Rabin warƙa ce da aka yago daga littafin rubutu na 'yan makaranta, an rubuta layi uku a kai, cewa mai gida yana bukatar gidansa, a kwashe kaya a kai masa makulli kafin ƙarshen wata. Ba kwanan wata, ba sa hannu. Shi kuwa malamin nan shekararsa shida cikin gidan, shekara shekara ya ke biya, kuma da sauran wata huɗu cikin kuɗin da ya biya na bana. Ga matarsa da tsohon ciki, ga 'ya'yansa uku a makarantar da ke bayan gidan. Muka tambaye shi ina takardar da suka yi ran da ya shiga. Ya ce ai ba su yi takarda ba, domin mai gidan dattijo ne, masallaci ɗaya su ke salla, ya ji nauyin ya ce masa a rubuta. Muka ce to, rasit fa? Ya ce na shekara biyu kaɗai ke hannunsa.

Ba a yi mako guda ba sai ga wani tsohon akawu wanda ya gama aikinsa ya huta, shi ma ya kawo nasa kukan. Kuɗin sallamarsa duk ya zuba ya gina ɗaki huɗu, da su ya ke ci da iyalinsa. Ɗaya daga cikin 'yan hayarsa ya yi wata 14 bai ba shi ko sisi ba, in ya je da safe a ce ya fita, in ya je da dare a ce ya yi barci. Tsohon nan ya ce haƙurinsa ya ƙare, ya riga ya yi magana da kafinta, gobe da sassafe za a cire ƙofar ɗakin a yaye kwanon, in ruwa ya sauka kan katifarsa ya san inda dare ya yi masa.

Muka ga waɗannan mutane biyu kowa yana da gaskiya daidai gwargwado, kowa kuma yana gab da faɗa wa hasara saboda rashin sani. Shi ya sa muka ga ya kamata mu tsaya mu yi bayanin wannan al'amari, musamman da ya ke akawuna da malaman makaranta su ne suka fi kowa zaman haya, don aiki kan kai su garin da ba su da dangi, kuma su ne maƙwabta kan kawo wa takarda da alƙalami a ce, “Malam, rubuta mini notis.” Abin da mu ke so mu nuna shi ne, rabuwar mai gida da ɗan haya tana da hanya sananniya wadda doka da Shari'a suka shata, kuma tun ran shiga a ke share ta. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

HAYA BAƘUWA CE

A zamanin kakanninmu baƙo in ya iso gari wurin mai unguwa a kan kai shi a ba shi masauki, in kuwa falke ne ya sauka gidan fatomansa. Fatoma yakan ba shi ɗaki da tuwo, ya nemo masa masu sayen kayansa, sa'an nan ya sami la'adarsa cikin ciniki. Ba a ƙidaya masa kwana, ba a yanka masa kuɗin wata. In zama ya ƙi daɗi, kunya ita ke tashin baƙo, ita ce kuma ke hana mai masauki korarsa.

Al'amari ya fara sakewa sa'ad da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari, sa'an nan Kaduna ta zama hedkwatar Arewa a 1917. Ma'aikata masu ɗaukar albashi suka yawaita, ɗaki ya zama haja kamar gyaɗa da fata. Da aka mai da babban birnin ƙasa Abuja a 1991, abin ya ƙara tsanani, har ya zama mutum yakan tara albashin watanni ya miƙa wa mai gida gaba ɗaya. To, amma har yanzu mutanenmu da yawa suna shiga haya da zuciyar baƙo da mai masauki, watau da kunya da amana da maganar baka, sai ran rabuwa su tarar ashe ciniki suka ƙulla, ciniki kuwa yana da sharuɗɗansa. Daga nan yawancin rigima ke tasowa.

WA'ADI GWARGWADON IRIN HAYA

Tun zamanin Turawa, a 1945, aka kafa dokar da ta tsara yadda mai gida zai karɓi gidansa daga hannun ɗan haya. Da ita a ke aiki a Abuja, jihohi kuma kowace ta yi tata, galibinsu a kan ma'auni ɗaya su ke tafiya. Ma'aunin kuwa shi ne, in mai gida da ɗan haya ba su rubuta wani wa'adi na kansu ba, to, ga wa'adin da za a bayar kafin a raba haya:

Mai biya mako mako, a ba shi mako ɗaya.
Mai biya wata wata, a ba shi wata ɗaya.
Mai biya wata uku uku, a ba shi wata uku.
Mai biya shekara shekara, a ba shi wata shida.

A lura da abu uku a nan. Na fari, wannan ma'auni yana aiki ne inda ba a yi yarjejeniya a kan wa'adi ba. In kun rubuta cewa wata uku za a ba ka, ka sa hannu, ko da shekara shekara ka ke biya wata ukun nan shi ne hakkinka, ba ka da ta cewa daga baya. Saboda haka kada mutum ya sa hannu a takardar da bai karanta ba, ko da dillali yana tsaye a kansa yana cewa ga wani can yana jira da kuɗi a hannu.

Na biyu, in ba wata shaida da ta nuna saɓanin haka, da lokacin biya a ke gane irin hayar. Wanda a ke karɓar kuɗi wurinsa kowane wata ɗan hayar wata ne, ko da ya shekara ashirin cikin gidan. Daɗewa ba ta ƙara masa wa'adi. A nan rasit ke da rana, domin shi ne zai gaya wa alƙali ko shekara a ke biya ko wata, kuma daga wace rana a ke fara ƙirge.

Na uku, ƙirgen kwanaki ba wasa ba ne. A ce hayar mutum ta shekara tana farawa ran 1 ga Janairu ta ƙare ran 31 ga Disamba. In mai gida yana son gidansa a ƙarshen shekarar, lalle ne takardar tashi ta shiga hannun ɗan haya ran 30 ga Yuni ko kafin nan, don wata shida ya cika cif. Kotuna sun daɗe suna riƙe da cewa wa'adin ɗan hayar shekara sai ya cika daidai da ƙarshen shekarar hayarsa. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta sassauta wannan, ta yarda wa'adin ya ƙare ran cikar shekarar ko bayanta, muddin wata shida ya cika. Mai hankali dai ya kama hanyar da ba gardama, ya ba da cikakken wata shida, ya sa ya ƙare tare da shekarar.

Akwai kuma haya mai ƙayyadadden lokaci, watau wadda aka rubuta cewa daga rana kaza zuwa rana kaza ce, shi ke nan. Ita wannan da kanta ta ke ƙarewa in ranar ta zo, ba ta bukatar takardar tashi ta farko.

Wanda aka roƙa ya rubuta wa maƙwabcinsa notis, to, ya sa sunan mai gida da na ɗan haya, da kwatancen gidan sosai yadda ba za a ɗauke shi da wani ba, da irin hayar, da ranar da a ke so a tashi, da kwanan watan da aka rubuta, da sa hannu. A yi ta biyu, a miƙa ɗaya hannu da hannu gaban shaida, a ajiye ɗaya. Takardar da aka zo da ita wurin malamin da muka ambata ba ta cika ko ɗaya daga cikin manyan sharuɗɗan nan ba.

IN WA'ADI YA CIKA BAI TASHI BA

Mutane da yawa suna zaton da zarar wa'adi ya cika mai gida ya sami ikon fid da kaya waje. Ba haka ba ne. In wa'adi ya cika ɗan haya bai tashi ba, sai a ba shi takarda ta biyu, ta kwana bakwai, wadda ke sanar da shi cewa mai gida yana da niyyar kai ƙara kotu don a karɓar masa gidansa. In lauya ko wakili ne zai ba da ita, mai gida ya ba shi izini a rubuce. Ita wannan takarda ta kwana bakwai har mai haya ta ƙayyadadden lokaci ma sai an ba shi ita.

Bayan kwana bakwai sun cika sai a shigar da ƙara, a kai sammaci, alƙali ya ji ta bakin kowa. In ya ga mai gida ne da gaskiya, shi zai yanka ranar da za a bar gidan, in an ƙi kuma ma'aikatan kotu su za su zo su fid da kaya bisa umurninsa. Kada ɗan haya ya yi tsammanin zaman da ya yi bayan cikar wa'adi kyauta ne. Kotu kan lissafa kowace rana tun daga ƙarewar hayarsa har ran da ya miƙa makulli, ta sa ya biya, ban da tsohon bashin da ke kansa. Wanda ya ke jan lokaci yana murna, bashi ya ke tara wa kansa.

MAI GIDA BA YA ZAMA ALƘALIN KANSA

Yanzu sai mu koma kan tsohon akawun nan da kafintansa. Yaye kwano, da cire ƙofa ko taga, da sa kwaɗo a ƙofar ɗan haya yana wurin aiki, da yanke masa wuta ko ruwa, da turo masa 'yan daba, da zubar masa da kaya a titi, duk doka ta hana, ko da kuwa shekara nawa a ke binsa. Mai gidan da ya yi haka shi da kansa ya miƙa wa ɗan haya sandan da zai buge shi da ita, domin ɗan hayan yana iya kai ƙara a sa a biya shi diyya, wani lokaci ma fiye da kuɗin da a ke binsa. Ga shi ana bin mutum bashi, an wayi gari shi ke bi.

Haka kuma kai ɗan haya ofishin 'yan sanda don bai biya kuɗin haya ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta faɗi a fili cewa ba a kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Bashin haya maganar kotu ce, sai fa in an yi faɗa ko sata ko ɓarna da gangan, wannan kuwa wani laifi ne dabam.

Wanda ke ganin ƙarfi ko muƙami zai fisshe shi, ya tuna da shari'ar Ojukwu. Ko da ya ke ba rigimar haya ce sosai ba, darasinta ya shafi kowane mai gida. A 1985 Gwamnatin soja ta Jihar Legas ta yi jayayya da Cif Odumegwu Ojukwu a kan wani gida a Ikoyi. Magana tana gaban kotu ba a yanke ba, sai Gwamnati ta tura mutane masu makamai wajen 150 suka fid da shi da ƙarfi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a mai da shi cikin gidan. Gwamnati ba ta bi ba, ta garzaya Kotun Ƙoli tana neman a dakatar da wannan umurni. A watan Fabrairu na 1986 Kotun Ƙoli ta ƙi, ta nuna cewa wanda ya taka umurnin kotu ba shi da bakin da zai zo ya nemi alfarmarta, kuma ko Gwamnati ba ta da ikon yanke wa kanta hukunci da ƙarfin bindiga. To, in Gwamna mai sojoji bai sami wannan dama ba, ina ga mai ɗaki huɗu da kafinta?

ABIN DA LITTATTAFAN ALƘALANMU SUKA TSARA

Kada wani ya ce wannan duk dokar Turawa ce. Littattafan fiƙihun Malikiyya waɗanda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da su, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid, da Muhtasar na Halil, da Tuhfa ta Ibn Asim, duk sun yi magana a kan haya, kuma wanda ya duba zai ga inda suka dosa bai yi nisa da abin da muka faɗa ba.

Malamai sun raba hayar gida biyu. Akwai wadda aka yanka mata lokaci, kamar a ce na ba ka gidan nan shekarar nan a kan kuɗi kaza. Wannan ta ɗaure su duka biyu, ba mai ikon warware ta shi kaɗai sai lokacin ya cika. Akwai kuma wadda aka ce kowane wata kaza, ba a faɗi iyaka ba. Wannan kowa yana da ikon janyewa, sai dai in an riga an biya kuɗi, to, ta zama dole gwargwadon abin da aka biya. Ka ga ashe malaminmu mai sauran wata huɗu, ko ta wannan fuska aka duba, ba mai tashinsa kafin kuɗinsa su ƙare.

Sun kuma ce mutuwa ba ta warware haya. In ɗan haya ya rasu, magadansa suna da hakkin zama har wa'adi ya cika. Wannan abin lura ne ƙwarai, domin sau nawa a kan ga mace tana cikin takaba an aiko mata ta tashi, alhali mijinta ya biya shekara? In mai gida ne ya rasu, magada sun gaji gida tare da alkawarin da ke kansa. Haka nan in an sayar da gidan, sayarwa ba ta kashe hayar da aka riga aka ƙulla.

In gida ya rushe, haya ta warware, sai a mayar wa ɗan haya kuɗin sauran kwanakin da bai zauna ba. In kuwa lalacewa ce mai cutarwa, kamar yoyon da ba a iya kwana da shi, mai gida ya ƙi gyarawa, ɗan haya yana da zaɓin ya tashi. Ɗan haya kuma amintacce ne a kan gidan, ba ya biyan abin da ya tsufa ko ya lalace don kansa, sai abin da ya ɓata da ganganci ko sakaci.

Wani hukunci da ya kamata masu gida su sani shi ne na ɗan hayan da ya zama fitina ga maƙwabta, yana tara mashaya ko makamancin haka. Ko shi ma malamai ba su ba mai gida ikon jefar masa da kaya ba. Hukuma ce za ta tsawata masa, in ya ƙi bari ita za ta fid da shi. Doka da Shari'a sun haɗu a nan, hannun mai gida bai kai ga fid da mutum ba, sai hannun alƙali.

ABIN DA KE KAN ƊAN HAYA

Kada 'yan haya su karanta wannan su ce sun sami garkuwa. Alkawari kaya ne, kuma Suratul Ma'ida da umurnin cika alkawari ta buɗe. Masu gida da yawa ba attajirai ba ne. Akwai gwauruwa mai ciyar da marayu da kuɗin ɗaki biyu, akwai tsohon ma'aikaci mai jiran fanshon da ba ya zuwa a kan kari. Wanda ya danne wa irin waɗannan hakkinsu yana da halin biya, ya ci zalunci, ko da kotu ba ta kama shi ba.

Wa'adin da muka lissafa a sama ya hau kan ɗan haya kamar yadda ya hau kan mai gida. In an yi wa malami ko akawu canjin wurin aiki, ran da takardar ta zo ya kamata ya sanar da mai gida a rubuce. Bai kyautu ba ya kira mota da tsakar dare ya bar makulli wurin yaron maƙwabta. In da sauran kuɗinsa, ya sani ba dole ne a mayar masa ba, tun da shi ya janye, sai in sun rubuta haka tun farko, ko mai gida ya yarda don kansa. Wannan shi ne abin da malamai ke kira iƙala, watau warware ciniki bisa yardar juna, kuma abin so ne a addini. Sau da yawa mai gida kan yarda ya mayar da saura in an sami wani ya shiga. Amma kada ɗan haya ya sa wani a ɗakin bisa gaban kansa, domin galibin takardun haya sun hana haka sai da izinin mai gida.

Ran tashi kuma, a biya kuɗin wuta da na ruwa da na shara, a rubuta abin da mita ta nuna. A share gida, a gyara abin da yara suka fasa, a kira mai gida ko wakilinsa a zaga tare ɗaki ɗaki. In an ba da kuɗin ajiya ran shiga saboda ɓarna, a nan za a yi lissafi a cire abin da ya wajaba a mayar da saura. Sa'an nan a miƙa makulli hannu da hannu gaban shaida, a karɓi 'yar takarda mai nuna an karɓi gida ran kaza, ba bashi. Muddin makulli yana hannunka, gida yana wuyanka.

KOTU TANA NAN, AMMA SULHU YA FI

Mun nuna hanyar kotu don a san tana nan, amma ba mu ce a yi gaggawar binta ba. Akwai wata shari'a a Legas ta wani kamfani mai suna Pillars, a kan wani fili da aka ba shi haya. An shigar da ƙara a 1993, ba a kai ƙarshenta a Kotun Ƙoli ba sai 2021, watau shekara 28. Yaron da aka haifa ran da aka kai sammaci ya isa ya yi aure ya nemi nasa ɗakin hayar kafin a yanke hukunci. A cikin wannan shari'a an yi kakkausar magana a kan 'yan hayar da ke fakewa da kuskuren notis don su dawwama cikin gidan mutane, saboda haka kada wani ya dogara da cewa kuskuren kwanan wata zai tsare shi har abada. Ba kowace ƙara ke kai haka ba, amma ko wadda ta yi wata shida ta ci kuɗin lauya da kuɗin mota da ranakun aiki, ta kuma ci zumunci.

Muna da mai unguwa, muna da limami, muna da dattawan layi. Su kansu kotuna sun buɗe gidajen sulhu a ƙarƙashinsu, na Abuja a 2003, na Kano a 2009, inda a ke zaunar da masu jayayya a daidaita su, a rubuta abin da suka yarda da shi. Sharaɗi ɗaya ne, duk abin da aka shirya a zauren mai unguwa a rubuta shi, kowa ya sa hannu, shaidu su sa nasu. Sulhun baka shi ke haifar da rigima ta biyu.

TUN RAN SHIGA

Da a ce malaminmu da dattijon mai gidansa sun ɓata rabin sa'a ran shiga, da duk wannan tashin hankali bai taso ba. Warƙa ɗaya ta isa. A rubuta ranar farawa, da kuɗin, da lokacin biya, da wa'adin da kowa zai ba ɗan'uwansa in yana son rabuwa, da wanda gyaran rufi da kwashe masai ke kansa, da yadda za a yi in za a ƙara kuɗi, da abin da za a yi da sauran kuɗi in an tashi kafin lokaci. A lissafa abin da aka tarar cikin gidan da halin da ya ke ciki. Kowane biya kuma a karɓi rasit, in ta banki aka aika a adana shaidar.

Masu cewa rubutu alamar rashin yarda ne, su tuna ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Takarda ba ta rage wa dattijo girma. Shi mutum yana mantuwa, yana kuma mutuwa, magadansa kuwa ba su san abin da kuka faɗa wa juna a ƙofar masallaci ba. Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji Hausawa, takardar nan ita ce za ta tsare mutuncinku ran da saɓanin ya zo.

Masu karatu za su so su ji yadda mutanen nan biyu suka ƙare. Malamin ya ɗauki shawara ya tafi wurin mai unguwa, aka kira mai gida. Ashe ɗansa ne zai yi aure, ba shi da inda zai sa amarya, kunya ta hana shi faɗa da baki ya sa jikansa ya rubuta takarda. Aka shirya malam ya cinye wata huɗunsa, a ƙara masa biyu ya biya kuɗinsu, aka ɗaga biki, aka rubuta, kowa ya sa hannu. Shi kuwa tsohon akawu da kyar muka shawo kansa ya sallami kafinta. Ya ba da notis na wata ɗaya, ya bi da na kwana bakwai. Ana saura kwana biyu sai ga ɗan hayan da kawunsa, aka zauna. Ya tashi ya ba da makulli, aka rubuta bashin zai riƙa biya kaɗan kaɗan, tsohon ya yafe masa wata huɗu. Bai sami dukan kuɗinsa ba har yanzu, amma ɗakinsa na nan da ƙofarsa da kwanonsa, wani ya shiga yana biya, shi kuma ba wanda ya kai shi ƙara.

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Akawun da ke haya yau shi ne mai ɗaki huɗu gobe, ɗan mai gida kuma wata rana aiki zai kai shi garin da zai nemi ɗaki wurin wani. Kowa ya riƙe ɗan'uwansa yadda ya ke so a riƙe nasa. Allah ya ba kowa muhallin kansa, kafin nan kuma ya sa mu shiga lafiya mu fita lafiya. Amin.